Ƙullutun Ƙafata da Kwafi na Uku

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma ne, wata Asabar bayan an gama cire gyaɗa, a ƙofar zauren Malam Tanimu da ke Zoza. Na san lokacin ne domin na duba agogona, kamar yadda nake yi duk sa'ad da na rasa inda zan sa idona. Mu biyar ne a kan tabarma: ni, da ƙanena Sule, da Malam Tanimu mai gidan, da limamin unguwarsu, da wani tsohon malamin asibiti da ake kira Malam Bala. Can nesa kaɗan kuma ga mutanen gari a tsaitsaye, kowa yana yi kamar wucewa zai yi, amma babu wanda ya wuce. A daidai wannan lokaci liman ya ce a kawo butoci a yi alwalar La'asar, ni kuwa na gane cewa babu makawa sai na cire safata a gaban jama'a.

Amma na fara daga tsakiya, kuma wannan ba halina ba ne. Bari in koma farko in bi abin daki-daki.

Ni mutumin Unguwar Hajji ne. Karatuna bai yi nisa ba, aji bakwai na firamare ne, sai kwas ɗin akawu na wata shida a Kano. Da wannan na samu aiki a wani ofis a Karaye, tun Rogo ba ta rabu da Karaye ba. Aikina buga takardu a tafireta da jera su a fayil. A nan aka koya mini doka guda wadda na riƙe kamar karatun sallah: kowace takarda kwafi uku ake yi mata. Na farko na wanda aka rubuta wa, na biyu na fayil, na uku na wanda maganar ta shafa, don kada ya ce an yi a bayan idonsa. Shekara goma sha takwas ina bin wannan doka ban taɓa kuskure ba, kuma ina faɗa wa duk wanda ya tsaya zai saurara.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne takalmina. Tun ranar da na kama aiki ban sake sa fade ba. Baƙin sau-ciki nake sawa, mai tsinin baki, in goge shi kullum da safe har ina ganin fuskata a jiki. A cikin shekara ta biyar ko ta shida na lura wani ƙullutu ya fara fitowa a gindin babban yatsan ƙafata, dama da hagu, yatsan kuma yana karkata yana kwanciya a kan ɗan'uwansa. Da yamma idan na dawo gida wurin yana yi mini zafi kamar an ɗora garwashi. Ban je asibiti ba. Na zauna na yi tunani ni kaɗai, na yanke hukunci cewa takalmi ne ya kawo shi, kuma tunda ma'aikata ne kawai ke sa irin wannan takalmi, to ƙullutun ma'aikata ne. Har suna na raɗa masa a zuciyata, tambarin aiki. Duk da haka ban taɓa bari kowa ya gani ba. A cikin gida nake alwala in mayar da safa kafin in fita masallaci, a ofis kuma can bayan sito nake zagayawa da buta. (In ka ce, to idan abin alfahari ne me ya sa nake ɓoye shi, ka yi tambayar da ni ban taɓa yi wa kaina ba.)

Abu na uku, Hadiza. 'Yar Sule ce, amma a hannuna ta girma tun tana shekara huɗu, domin ni maza kaɗai Allah ya ba ni. Ta gama firamare, ta koyi ɗinki, tana da natsuwa. Wani saurayi mai suna Garba, ɗan Malam Tanimu na Zoza, yana kawo gyaɗa Karaye lokacin kaka, ya gan ta, ta gan shi, suka daidaita kansu. Babu wanda ya tilasta wa kowa. Idan aka ce Garba ya yi sallama, yadda Hadiza ke neman mayafinta ma kaɗai ya isa shaida. Manyansa suka zo gaisuwa, aka karɓe su. Saura bincike, kamar yadda ake yi kafin a sa rana, a san asalin gida da halinsu da lafiyarsu.

Sule ya ce mini, "Yaya, ni fa na riga na tambaya wajen mutum uku. Kowa alheri yake faɗa. Manoma ne na gaske, ba sa rigima da kowa."

Na ce, "Ka tambaya a kasuwa ka ce ka yi bincike? Ni ne waliyyinta. Zan je in gani da idona."

Na hau babur ɗina wata Lahadi da safe, na isa Zoza ƙarfe goma da kwata. Na tarar da su a gindin wata ɗorawa a bayan gida, maza suna tsinkar gyaɗa, kowa ba takalmi. Malam Tanimu ya miƙe da fara'a, dattijo ne dogo mai farin gemu, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo fura da dafaffiyar gyaɗa. Mutumin nan bai bar abin da bai tambaya ba, gida da iyali da aiki da hanya da gajiya, ya zagayo ya sake tambaya.

Ni kuwa tun da na zauna idona yana ƙasa. Ƙafar Malam Tanimu na fara gani. Ga ƙullutu nan ɓaro-ɓaro a gindin babban yatsa, yatsan ya karkace. Na dubi ta Garba, ga shi nan, ƙarami dai amma ya fara. Na dubi ta wansa, haka. Da 'yarsa Talatu ta kawo ruwa ta durƙusa, na saci kallon ƙafarta, ita ma haka. Mutum huɗu a gida ɗaya. Na sha furar mutane, na ci gyaɗarsu, na yi godiya, ban tambayi kowa komai ba. Na tsaya wajen maƙwabta biyu don cika ƙa'ida, suka yabi gidan, ban ma rubuta abin da suka ce ba.

A kan babur na haɗa lissafina, kuma kafin in iso Karaye na gama shi tsaf. Washegari bayan an tashi daga aiki na zauna a gaban tafireta, na sa takarda uku da kabon biyu a tsakani, na buga. Har yau ina iya karanto ta da ka:

"Na ɗaya, na ga ƙullutu da karkatar yatsa a ƙafar mutum huɗu na gidan. Na biyu, sanannen abu ne cewa takalmi sau-ciki ne ke kawo irin wannan ƙullutu. Na uku, mutanen gidan manoma ne, ba sa sa sau-ciki, saboda haka nasu ba na takalmi ba ne. Na huɗu, ciwon da ke lanƙwasa yatsu, yake kuma bin gida ɗaya, kuturta ce. Na biyar, ina ba da shawarar a dakatar da maganar aure."

Ka lura da "sanannen abu ne" ɗin nan na lamba biyu. Mutum ɗaya ne a duniya ya san shi, shi ne ni.

Na kai wa Sule nasa kwafin, na karanta masa. Da na gama ya ce, "Yaya, ka tabbata? Wannan fa ba ƙaramar magana ba ce."

Na ce, "Wace lamba ce ba ka gane ba? In sake karantawa?"

Ya girgiza kai. Sule bai yi boko ba, kuma tun muna yara idan na ɗaga takarda sai ya sunkuyar da kai. Hadiza ce kaɗai ta yi mini tambayar da ta dace. Da na kira ta na faɗa mata, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ce, "Baffa, ka tambaye su?"

Na ce, "Ba a tambayar mutum irin wannan. Tashi ki je."

Kwafi na biyu na sa a fayil ɗina na gida. Da a nan na tsaya, da abin ya tsaya a kan zaluncin da na yi wa yara biyu, wanda watakila da an gyara shi cikin sirri. Amma ga kwafi na uku a hannuna, ga kuma doka. Maganar ta shafi Malam Tanimu, bai kamata a yi a bayan idonsa ba. Na samu ambulan mai ruwan ƙasa irin ta ofis, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, na ba direban motar kasuwa mai bi ta Zoza. Na koma gida ina jin na cika mutumin kirki mai gaskiya da gaskiya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, Malam Tanimu ajami yake karantawa, bai san boko ba. Ga yadda abin ya faru, kamar yadda liman ya ba ni labari daga baya. Dattijon ya karɓi ambulan daga gidan surukai, ya ɗauka takardar sa rana ce. Ya ce irin wannan albishir ba a jin sa shi kaɗai. Ya adana ta har Juma'a, bayan an sauko daga masallaci ya tara 'yan'uwa da maƙwabta a ƙofar gidansa, ya raba goro, ya kira wani malamin firamare ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Malamin ya gyara murya ya fara. Na ɗaya, mutane suka dubi juna. Na biyu, wani ya yi dariya, ya zaci barkwanci ne. Na uku. Malamin yana karantawa ne kalma bayan kalma, bai leƙa gaba ba, sai da kalmar nan ta lamba huɗu ta fita daga bakinsa sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya ninke takardar. Amma mutum fiye da talatin sun riga sun ji, kuma sun ji ta ne daga takardar da aka buga da tafireta, wadda a wurinsu kusan maganar hukuma ce.

Cikin mako biyu matan gari suka daina aike sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidan. A masallaci wani ya ajiye moɗa ta daban a bakin randa, bai ce don wa ba. Mutanen da suka sa ranar auren Talatu bayan kaka suka aiko cewa a ɗan dakata tukuna. Maganar ta kai kasuwar Rogo, daga can ta bazu ƙauyuka.

Ni duk ban sani ba. Ina Karaye ina goge takalmina, sai ga saƙo daga limamin Zoza cewa ana son ganina da Sule ranar Asabar. Na ɗauki fayil ɗina na tafi, da niyyar in yi musu bayani lamba bayan lamba.

Mun isa ƙarfe uku daidai. Malam Tanimu ya gaishe mu kamar yadda ya yi a karon farko, bai rage ko tambaya ɗaya ba, sai dai wannan karon da hannu ɗaya ya ba ni. Da aka natsu ya ce, "Malam Akawu, na samu takardarka. An karanta mini. Ban kira ka don faɗa ba. Ga Malam Bala nan, shekararsa ashirin da wani abu yana aiki a asibitin masu wannan ciwo kafin ya yi ritaya. Na roƙe shi ya duba ni a gabanka da gaban jama'a. In ita ce, in sani."

Sai dattijon nan, mai jikoki, ya tuɓe rigarsa a ƙofar gidansa. Malam Bala, wani gajere mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya duba bayansa da ƙirjinsa da hannuwansa a cikin hasken rana. Ya ce ya rufe ido, ya ɗauki ɗan tsinken auduga yana taɓa shi nan da can, yana cewa ya nuna inda ya ji. Ko'ina ya nuna daidai. Ya sauko ƙafa ya danna ƙullutun da babban yatsansa, Malam Tanimu ya ce "Wash!"

Malam Bala ya ce, "Kun ji ko? Wannan wash ɗin ita ce shaida. Waccan cuta kashe jin jiki take yi, takan fara da tabo mai haske a fata wanda ko an taɓa ba a ji. Nan babu tabo, kuma ƙafa tana jin zafi har da ƙari. Ba ita ba ce. Kuma ko da ita ce, jama'a, yanzu tana da magani, ana sha a warke, ba abin gudun mutum ba ce." Ya juyo gare ni. "Akawu, a ina ka yi karatun likita?"

Da mai hankali ne, nan zai ba da haƙuri. Ni fayil na buɗe. Na ce, "Ban yi ba. Amma lamba biyu tana nan daram. Irin wannan ƙullutu takalmi sau-ciki ke kawo shi. In ba takalmi, dole a nemi wani dalili."

"Wa ya faɗa maka takalmi ne?"

"Na san wani ma'aikaci da yake da shi."

"Wane ne? A kira shi mu gani."

Na duba agogo. Huɗu saura minti goma. Liman ya ce a kawo butoci.

Na yi tunanin in ce ina da alwala, amma tun Azahar na sha ruwa kofi uku, kuma Sule ya ga na zagaya a hanya. Na yi tunanin in nemi bayan gida, amma babu fuskar da zan nemi shiga gidan mutumin nan. Aka ajiye buta a gabana a bakin dakalin siminti, kusa da Malam Tanimu. Na wanke hannu, na kurkure baki, na ja fuska da dantse iya jan da shari'a ta yarda. Ƙafa dai tana nan tana jira. Na kwance igiyar takalmi. Na zare safar dama.

Kowa ya zuba wa ƙafata ido. Ƙullutuna ya ninka na Malam Tanimu. Ja ne, yana sheƙi, babban yatsan ya hau kan na biyu ya zauna, sauran sun cure wuri ɗaya kamar an ɗaure su. Daga cikin masu tsayuwa wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "La ilaha illallahu! Ashe shi ne sarkinsu."

Wani ya amsa, "A kawo wa Akawu moɗarsa daban."

Aka fashe da dariya. Malam Tanimu bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafata ya daɗe, ya ce, "Sannu, Malam. Lallai kana shan wuya." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Bala kuwa kamar an ba shi kyauta. Ya ce, "Kada kowa ya goge ƙafa! Liman, taka nan. Malam Tanimu, nan. Akawu, kai ma taka." Muka taka busasshen siminti da jiƙaƙƙun ƙafafu muka ja baya. Sawun liman ya fito da dunduniya da gaba, tsakiyarsa ta ciki a rame, kamar an gutsure. Nawa da na Malam Tanimu kuwa sun fito a cike, shafe-shafe, tun daga dunduniya har yatsu, babu inda bai taɓa ƙasa ba. In ba don nawa ya fi gajarta ba, ba ka bambance su.

Ya tsuguna yana nunawa da tsinke. Ya ce, "Ƙafa kamar murhu take, duwatsu uku ke ɗauke da tukunya. Ga dunduniya, ga gindin babban yatsa, ga gindin ƙaramin yatsa. Wannan ramin da kuke gani a sawun liman, shi ke raba nauyi daidai a kan ukun. Wanda tafin ƙafarsa ya shafe, in ya taka sai ƙafar ta kwanto ciki, nauyi ya taru a kan dutse ɗaya. Duk taku, maimakon babban yatsa ya tura ƙasa da cikinsa, sai ya tura da gefensa. Yau da gobe, shekara da shekaru, yatsan ya karkata wajen 'yan'uwansa, ƙashin da ke bayansa ya bauɗe waje. Wannan ƙullutun ba wani abu ne ya tsiro ba, kan gaɓa ne ya goce daga mazauninsa."

Liman ya ce, "Malam Bala, lokaci fa yana tafiya."

"Saura kaɗan, Allah gafarta Malam. Yawanci ƙirar ƙafar ake gado, kamar yadda ake gadon hanci. Shi ya sa za ka gan shi a gida ɗaya. Matsattsen takalmi yana ƙara masa gudu, shi ya sa na Akawu ya wuce na kowa. Amma ba lallai sai da takalmi ba." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "A gidanku wa ke da irin wannan ƙafa?"

Na ce, "Babu kowa."

Sai na ji muryar Sule daga gefena, a hankali, kansa a ƙasa. "Yaya, Baba fa. Haka tasa take, dama da hagu. Ni na yi masa wanka ranar da ya rasu, kai kana kwas a Kano. Kuma Baba bai taɓa sa sau-ciki ba har ya bar duniya."

Ba sai an yi mini lissafi ba, ni na tsara lambobin. Mahaifina yana da ƙullutu. Mahaifina manomi ne, ba ya sa sau-ciki. Bisa lamba uku da lamba huɗu na takardar da na buga da hannuna na sa wa hannu, na jefi mahaifina da ke kabari da abin da na jefi Malam Tanimu da shi, na haɗa da kaina, da Sule, da Hadizar da nake cewa ina karewa. Shekara nawa ina durƙusawa a gaban ƙafar nan ina gaisuwa safe da yamma, ban taɓa ganinta ba.

Aka tayar da sallah. Na tsaya a sahu kusa da Malam Tanimu, ba safa. Allah ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba. Idona yana kan ƙafafu huɗu iri ɗaya a jere a kan tabarma.

Bayan an sallame na matsa gabansa na durƙusa. A rayuwata ban taɓa yin magana ba tare da na tsara ta ba sai ranar. Na ce ya yafe mini, na ce a mayar da maganar yara, in ya so a sa rana yau ɗin nan.

Ya ce, "Na yafe maka, Malam Akawu, duniya da lahira. Ban ɗauka da mugunta ka yi ba. Amma maganar aure a bar ta. Mutanen da ke nan sun ga ƙafarka, sun yi dariya, sun gane. Na kasuwar Rogo fa? Na ƙauyukan da ban san sunansu ba fa? In na karɓi 'yarku yanzu, cewa za a yi an rufa mana asiri ne. In ta haihu, ƙafar jaririn za a fara dubawa kafin fuskarsa. Ba zan sa yarinyar mutane a wannan ba."

Sule ya roƙa, liman ya roƙa. Dattijon ya saurari kowa har ƙarshe, ya ce a gaida gida.

A hanyar dawowa Sule yana bayana a kan babur, har muka kusa Karaye. Ya ce, "Yaya, kai za ka faɗa mata." Ni na faɗa mata. Ta saurara a durƙushe, ta ce, "To, Baffa," ta tashi. Bayan kwana uku ta nemi izini ta koma gidan mahaifinta, ban hana ba. Ta yi aure bayan shekara uku, a Kafin Dafga, kuma Sule bai nemi in yi walicci ba, ni ma ban tambaya ba. Har yau tana zuwa gaishe ni duk sallah, ta tambayi lafiyata da ta iyali, ba ta rage komai, ba ta kuma ƙara komai. Garba ya bar gari a wannan ranin ya tafi neman kuɗi kudu. Auren Talatu bai dawo ba, sai daga baya wani daga nesa ya aure ta.

Na yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da na iya. Na buga wata takarda ta janyewa, Malam Bala ya sa hannu a ƙasa, na yi kwafi ba uku ba, goma sha biyu. Ranar kasuwar Rogo sau huɗu ina zuwa da fade a ƙafata, in zauna a rumfar masu gyaɗa in miƙe ƙafa kowa ya gani, in ce ga takarda zan karanta. Ƙafar suna kallo sosai, har ana kiran wasu su zo su gani. Takardar kuwa kafin in kai lamba biyu an watse. Wani dillali ya ce mini, "Malam, ta farkon dai ta fi daɗin ji." Shekara bakwai bayan haka, a cikin motar haya, na ji wata mata tana gaya wa 'yar'uwarta cewa akwai wani gida a Zoza da ba a neman aure, wai wani babban likita ne daga Karaye ya tabbatar. Babban likitan yana zaune a bayansu da kumburarriyar ƙafa a cikin fade.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma na koye shi a makare. Magana tana iya jeruwa daga ɗaya zuwa biyar tsaf, babu tuntuɓe, ta kasance ƙarya tun daga lamba biyu. Yanzu duk abin da zan rubuta "sanannen abu ne" a kansa, sai na fara ƙirga mutum nawa suka san shi ban da ni.

Malam Tanimu ya rasu, Malam Bala ma ya rasu, amma gidan yana nan da jikoki mata da suka isa aure. Don haka ina roƙonka abu ɗaya, kai mai karatu. In kai mutumin wajen Rogo ne ko Karaye, kuma ka taɓa jin an ce akwai wani abu a jinin gidan Malam Tanimu na Zoza, to ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta, ba su da komai sai shafaffen tafin ƙafa irin nawa da na ubana. Kada ka tsaya a kan sanin kanka. Ka koma wurin wanda ya gaya maka ka faɗa masa, ka ce shi ma ya koma wurin wanda ya gaya masa.